Amsa: Ta yaya mawaƙan Turai da Amurka masu neman jinsinsu ke nuna haka a waƙa?

Malam, ka tambaya ko a baitoci suke faɗi ko sai a hira da 'yan jarida. Gaskiya ya danganta da zamani.

A da, ɓoyewa aka fi yi. Turanci ya sauƙaƙa musu, don za ka rera waƙar soyayya daga farko har ƙarshe ba a gane namiji kake nufi ko mace ba. Su Bronski Beat, wata ƙungiyar mawaƙa ta Birtaniya, su ne suka fito fili da wuri: waƙarsu "Smalltown Boy" ta 1984 labarin saurayi ce da ya bar garinsu saboda tsangwama.

George Michael kuwa dole ce ta fito da shi. A 1998 'yan sanda suka kama shi a wani banɗakin jama'a a garin Beverly Hills na Amurka, sai ya bayyana kansa, ya kuma saki "Outside", inda ya mayar da abin barkwanci, har ya yi shigar ɗan sanda a bidiyon. A ganina nan ne salon ya juya, daga sakaya zance zuwa faɗa da baki.

Frank Ocean ya rubuta wasiƙa a dandalin intanet na Tumblr a 2012 cewa wanda ya fara so namiji ne, kuma a kundin waƙoƙinsa Channel Orange akwai baitocin da ke ambaton namiji kai tsaye. Lil Nas X ya fi kowa ƙin rufa-rufa. Bidiyon "Montero" na 2021 ya fusata malaman coci da dama, amma waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard.