Amsa ga ɗan'uwan da ya baro Amurka zuwa Jamus

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Jamusawa suke jure wahalar ofisoshi, alhali a Amurka kowa zargin gwamnati yake yi. Wallahi sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin ni ma ta wannan hanya na biyo.

Ba zan manta ranar da na je sabunta takardar zamana ba. Watanni na yi ina jiran Termin, wato ranar da ofis yake ware wa mutum ya zo, na ɗauki hutu a wurin aiki, na fita tun asuba cikin tsananin sanyi. Ma'aikaciyar ta duba fayil ɗina, ta ce sun aiko mini wasiƙa suna neman wata takarda ban amsa ba. Ashe wasiƙar komawa ta yi, saboda ban manna sunana a jikin akwatin wasiƙun gidan ba. Na yi bayani, na roƙe ta, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba, sai ta turo mini fayil ɗin da yatsa biyu ta kira na baya. Na zauna a tashar bas ƙwalla na zubo mini, kuma har yau idan na tuna yatsun nan raina yana ɓaci.

Daga baya na fahimci cewa Bajamushe yana kallon doka a matsayin garkuwarsa, domin tun 1883, zamanin shugaban gwamnatin Jamus Bismarck, hukuma ta kafa inshorar lafiyar ma'aikata, shi kuwa Ba'amurke shugabansa Reagan ne da kansa ya faɗa a 1981 cewa gwamnati ita ce matsalar. Sai dai kada ka ɗauka amincewar makanta ce. Abin da 'yan sandan sirri na Gestapo (zamanin Hitler) da na Stasi (tsohuwar Jamus ta Gabas) suka yi ya sa Jamusawa suna tsoron a tara bayanansu wuri guda, wannan yana cikin dalilan da kake yawo da takarda ɗaya ofis-ofis. Kuma suna ƙorafi sosai, amma a rubuce.

Don Allah ka yi Anmeldung, wato rajistar adireshinka a hukuma, cikin kwana 14 da tarewarka, ka ajiye kowace wasiƙa har da ambulanta. Kada ka ɗaga murya kana neman ganin babbansu kamar a can. Idan an yanke maka hukuncin da bai yi maka ba, duba ƙarshen wasiƙar, yawanci wata 1 ake bayarwa na rubuta ƙin amincewa. Sunanka kuwa, ka manna shi a akwatin nan yau.