Wace mace zan gina labarina a kanta?

Tambaya: Anti, ina son rubuta ƙagaggen labari kan matan mishan na zamanin da. Daga ina zan fara? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: 'Yata, fara da Johanna Veenstra, 'yar Amurka da ta iso Najeriya a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933 bayan tiyata. Ni kaɗaicinta ne ke taɓa mini zuciya: wasiƙar gida sai ta yi makonni a hanya, ga zazzaɓin cizon sauro. Amma don Allah kada ki manta da matan ƙabilar Kuteb da ta zauna cikinsu. Ki sa musu suna a labarinki, mu ji su suna magana da bakinsu.