Wai da gaske ne leda da roba na sa yara ƙiba da hawan jini?

Tambaya: Salam likita, dan Allah yarona shekararsa 7 amma ya yi ƙiba sosai, ko ɗan gudu ya yi sai haki. Ƙanwata ta turo min wata murya a WhatsApp wai kunun da muke saya a leda da ruwan gora ne ke jawo haka har da ciwon zuciya. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Marwa, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Toh maganar ƙanwarki akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an ɗan ƙara mata gishiri.

Sinadarai biyu aka fi magana a kansu. Akwai bisfenol A da ake kira BPA, wanda ake samu a roba mai tauri irin tsofaffin biberon, wato kwalbar shayar da jarirai, da kuma shafen cikin gwangwanin abinci, sai kuma su fitalet da ake sawa roba ta yi laushi. Matsalarsu shi ne in sun shiga jiki suna kwaikwayon homon, wato sinadaran da jiki ke aika saƙo da su, kuma an gani a gwajin dabbobi suna iya sa jiki ya ƙara ƙwayoyin kitse ya kuma dagula aikin insulin mai daidaita sukarin jini. Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda jikinsa yanzu yake ginuwa. A 2012 wani bincike a Amurka ya nuna yaran da BPA ya fi yawa a fitsarinsu yawan masu ƙiba a cikinsu ya ninka na waɗanda nasu ke ƙasa, daga baya kuma aka ga alaƙa tsakanin fitalet da ɗan hawan jini a yara. Amma fa ki lura, alaƙa aka gani, yaron da ke yawan shan lemon gwangwani da cin kayan fakiti dama zai samu sinadarin kuma zai samu sukarin, kinga raba su da wuya. Duk da haka Tarayyar Turai ba ta tsaya jira ba, tun 2011 ta hana BPA a biberon, Faransa ta hana shi a mazubin abinci a 2015.

Ni abin da ya fi damuna a nan wajenmu zafi ne. Zafi shi ke sa sinadari ya bar roba ya shiga abinci, musamman abinci mai mai. Kunu yana tururi a zuba a leda, ƙosai daga kasko zuwa baƙar leda, alale a dafa shi cikin leda, ga ruwan leda da ake jibgewa a rana a watan Afirilu lokacin da zafin Marwa ke wuce digiri 40. Tun 2014 aka hana siririyar leda a Kamaru amma ki leƙa kasuwa ki gani. Ki ba yaro kwanon silba ko langa ya je sayen kunu, alale a yi a ganye, kar a zuba miya mai zafi a roba, robar da ta tsage ko ta dushe a yar. In kin duba gindin roba kika ga lamba 3 ko 7 ki guje ta wajen abinci, 5 ta fi dama. Abin daɗin shi ne BPA ba ya daɗewa a jiki, yawanci cikin kwana ɗaya yake fita ta fitsari, in an rage shigarsa an rage shi ke nan.

Amma dan Allah kar ki ɗora wa leda laifin duka ki bar shayi mai sukari cokali huɗu da lemo da zaman kallon waya, su ne manya a maganar ƙiba. Hakin nan kuma ba na so a yi wasa da shi, ki kai shi asibiti a auna nauyi da tsawo, a gwada hawan jininsa da abin awo na yara, a saurari ƙirjinsa don asma da ƙarancin jini ma suna sa haki.