Mugu ko azzalumi: wane suna ya dace da shi?

Tambaya: Malam, ni malamar makarantar Islamiyya ce a Aboabo, Kumasi. Muna shirya wa yara wasan kwaikwayo na walimar sauka. A ciki akwai wani baffa da ya cinye gadon marayun ɗan'uwansa. Yara suna ce masa "kila", yadda suka saba kiran abokin gabar jarumi a fim. Da Hausa me zan kira shi, mugu ko azzalumi?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Na ji daɗi da ba ki bar yaranmu na zango a kan "kila" ba, domin Hausa ba ta rasa sunan wannan mutum ba.

Mugu ita ce kalmar da ta fi faɗi. Mace muguwa ce, wasu su ce mugunya, jam'i kuma miyagu ko mugaye. Kalmar tana nuna hali ne, abin da ke cikin zuciya. Mugu yana jin daɗin cutar da mutane ko da ba zai ƙaru da komai ba, shi ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sai dai yawan amfani ya sa ta ɗan saki. A kasuwar Kejetia za ki ji mai saye ta ce atamfa ta yi mugun tsada, ba wanda aka zaga.

Azzalumi kuwa daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da zalunci. A nan ba zuciya ake dubawa ba, haƙƙi ake dubawa. Dole akwai wanda aka danne, kuma mai dannewar ya fi shi ƙarfi, ko da mulki, ko da dukiya, ko da girma a gida. Mutum zai iya zama mai fara'a, mai kyauta, yana sahun gaba a masallaci, ya kasance azzalumi. Irin wannan ne ya fi ba ni tsoro, don jama'a ba sa ganinsa, marayun kaɗai suka san shi. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i, da ta yi magana a kan masu cin dukiyar marayu, da kalmar zalunci ta siffanta aikinsu.

Akwai wasu kalmomin kusa da waɗannan: maƙetaci sunan mai cuta a ɓoye ne. Mai laifi kuma maganar shari'a ce, sai alƙali ya tabbatar. Kafin nan wanda ake zargi ne.

Saboda haka a takardar wasan rubuta "Azzalumin Baffa". Amma idan marainiyar ta buɗe baki cikin kuka, bar ta ta ce "Baffa mugu ne", don haka yaro yake faɗa. Kalmar azzalumi ki ajiye ta a bakin liman, ranar da za a zauna rabon gado.