Kwamfutar hannu don shagon buga takardu: Windows ko Linux?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu a Tawa. An kawo mini kwamfutoci biyu na hannu, ɗaya i5-6300U, ɗaya i5-8250U, dukansu da Windows 11. Wani ya ce in goge in sa Linux. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki i5-8250U, ka bar mata Windows ɗinta.

Lambar farko da ke biye da "i5-" ita ce zubin firosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Microsoft ba ta amince da Windows 11 a kan Intel ba sai daga zubi na 8, tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Wato ta zubi na 6 ɗin nan dabara aka yi mata. Za ta yi aiki yau, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Komawa Windows 10 ma ba mafita ba ce, tunda an daina tallafa masa ran 14 ga Oktoba 2025.

Kafin ka ba da kuɗi, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance. Ka tabbatar RAM ta kai giga 8. Giga 4 na iya tayar da Windows 11, amma da ka buɗe Word da burauza za ta fara jan ƙafa. Faifan ajiya kuma ya zama SSD, wato marar juyawa, giga 256 ya wadatar. Yawancin nauyin da ake ɗora wa Windows laifin tsohon faifai mai juyawa ne. Sai batir: buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da zai fitar, ka kwatanta ƙarfinsa na asali da na yanzu. In ya gaza rabi, a rage maka kuɗi, don shi zai riƙe maka aiki in an ɗauke wuta. Duba madannai ma. Na Amurka QWERTY ne, babu é, è da ç a kai, alhali takardunka na Faransanci ne.

Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux, tsari ne mai kyau, kyauta, kuma shi ya dace da waccan ta zubi na 6. Matsalarsa a sana'arka biyu ce. Kwastoma zai kawo fayil ɗin Word, LibreOffice, madadin Word a Linux, ya buɗe shi, teburi ya karkace ko shafi ya ƙaru saboda bambancin haruffa. Sannan firinta: na HP galibi suna tafiya lafiya, amma irin su Canon LBP2900 sukan wahalar da mutum kafin su buga. In kana son gani da idonka, sa Mint a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kai ba tare da goge komai ba, ka buga shafi ɗaya.

Ƙurar hunturu na toshe fanka, in zafin Afrilu da Mayu ya zo har na'urar ta riƙa mutuwa da kanta. Kada ka ɗora ta a katifa, kuma a buɗe a share fankar sau ɗaya a shekara.