Yaron da Madara Ke Bata wa Ciki: Ko Ƙwayar Laktes Za Ta Yi Masa Amfani?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 6 duk ya sha madara sai cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da zawo. An ce in saya masa ƙwayar da ke narkar da madara. In saya?

Amsa: Yawwa 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Dakata da sayen tukuna. A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma ƙaramin hanji ne ke farfasa shi da sinadarin laktes. In laktes ya yi ƙaranci, sukarin ya gangara babban hanji yadda yake, ya jawo ruwa, bakteriyar da ke can kuma su yi ta cinsa suna fitar da iska. Daga nan kumburin da zawon suke, galibi minti 30 zuwa awa 2 bayan sha. Ba baƙon abu ba ne, don kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya laktes ɗinsu yakan ragu bayan yaye.

Sai dai ba madara kaɗai ke kumbura ciki ba. Ki janye masa ita da duk abin da aka yi da ita na mako 2, sannan ki dawo da ita. In ya samu sauƙi da janyewa, matsalar kuma ta dawo da dawowarta, to mun kama bakin zaren. A asibiti akwai gwajin numfashi da ke auna iskar haidurojin bayan an sha laktos.

In an tabbatar, ƙwayar laktes za ta iya taimakawa, amma da kurɓin farko ake ba da ita. In ciki ya riga ya murɗa, ta makara. Ba ta warkarwa, aikin lokaci ɗaya take yi, kuma ba kowane yaro take yi wa daidai ba. Ni dai nakan fi son a fara da rage yawa. Kofi ɗaya na ɗauke da laktos kamar giram 12, kuma yara da yawa na jure rabin kofi in an haɗa da abinci. Yogot da busasshen cuku sun fi sauƙi. Kada ki yanke masa madara gaba ɗaya ba tare da madadi ba, domin yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar kalsiyam, sinadarin gina ƙashi da ake samu a madara, miligiram 1,000 kullum.

Tambaya: 'Yata wata 3 ce, tana shan madarar gwangwani. Tana amai, ƙuraje sun feso mata, na kuma ga ɗigon jini a kashinta. Ko in ɗiga mata ruwan laktes?

Amsa: A'a Malam, ka kai ta asibiti yau. Wannan ya fi kama da alajin furotin ɗin madarar shanu, inda garkuwar jiki ke yaƙar furotin ɗin. Laktes sukari yake farfasawa, babu ruwansa da furotin. Madarar da aka cire wa laktos ma ba za ta yi ba, haka madarar akuya, tunda furotin ɗinsu ya yi kama. Likita ne zai zaɓa mata madara ta musamman. In kuwa leɓenta ko fuskarta ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, kada a jira ko minti ɗaya.

Tambaya: Tun da ɗana mai wata 10 ya yi gudawa, cikinsa bai koma daidai ba. In daina ba shi nono?

Amsa: Ko kusa, uwar ɗa. Gudawa kan goge fatar cikin hanji inda laktes yake, sai ya ragu na ɗan lokaci, ya dawo cikin 'yan makonni. Nonon uwa ya ma fi na saniya laktos, amma yana taimaka wa hanji ya warke. Ki ci gaba da shayarwa. In zawon ya kai mako 2, ko yaron yana ramewa, a duba shi.

Tambaya: Akwai ƙwayoyin da ke haɗe da sinadaran narkarwa iri-iri. Ba su fi laktes zalla ba?

Amsa: Ba su fi ba. Yaro mai lafiya jikinsa na samar da sauran. A ƙasashe irin su Amurka, ƙarin abinci ake ɗaukar irin waɗannan, ba a tantance su kamar magani kafin su shiga kasuwa. Ka duba shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, in yaron bai kai ba, sai da izinin likitansa.