Na cika shafi shida, malam ya ce ban ce komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a ajin share fagen shiga jami'a, kuma cikin kwasa-kwasanmu akwai na koyon rubuta maƙala da bincike. A sakandare insha'ina ake karantawa a gaban aji. Amma jingar farko da aka ba mu a nan, kan tasirin kafafen sada zumunta ga matasa, na cika shafi shida, malaminmu ya dawo mini da ita da ɗan maki. Ya rubuta a gefe: "Ina matsayarki?" Ya kuma ja layi a ƙarƙashin sakin layi biyu ya ce satar fasaha ce, alhali sai da na canza kalmomin da na samo a intanet. Raina ya ɓaci har ina ganin kwas ɗin ɓata lokaci ne. Ina na kuskure? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba a kanki farau ba. A shekarar 1874 Jami'ar Harvard ta Amurka ta sa jarrabawar rubutu cikin sharuɗɗan shiga, sai ga ɗalibai da yawa daga makarantun da ake ji da su sun faɗi. Wannan ne ya kai ga wajabta kwas ɗin rubutu ga 'yan shekarar farko a 1885, wasu jami'o'i suka bi sahu. Kwas ɗin da kike ganin ɓata lokaci ne, saboda irinki aka ƙirƙiro shi: wadda ta iya jera jimla, amma ba a taɓa neman ta kare magana da hujja ba.

Insha'in sakandare yana auna ko kin iya harshe, kin iya tsara zance. Maƙalar jami'a tana auna ko za ki iya ɗaukar tambaya ɗaya, ki ba ta amsa, ki tsaya a kan amsar da dalilai. Ban ga takardarki ba, amma na yi makin irinta har na gaji, kuma kusan zan iya faɗa miki abin da ke ciki. An fara da ma'anar kafafen sada zumunta, sai tarihin Facebook, sai amfani guda biyar, sai illoli guda biyar, aka rufe da kira ga iyaye da gwamnati su tashi tsaye. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ita ce matsalar. Duk maganar da ba mai iya musa ta, ba ta buƙatar shafi shida.

Matsaya ita ce jimla ɗaya ko biyu da mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba", ke kuma ki ce "to zauna in nuna maka". Ba a samunta sai an matse batun ya zama tambaya. "Tasirin kafafen sada zumunta ga matasa" ya yi faɗi, littafi goma ba zai ƙare shi ba. Wane tasiri? Waɗanne matasa? Ki ce misali: shin riƙe waya bayan an kwanta yana rage wa ɗaliban sakandare barci, kuma ƙwace wayar da dare yana magance hakan? Yanzu kin san abin da za ki nema, kin kuma san abin da za ki bari ko da ya burge ki. Bayan karatu matsayarki tana iya zama cewa ƙwace waya yana taimakawa, ko kuwa ba ya taimakawa sai an haɗa da wani abu. Kowanne kika ɗauka, malaminki zai karɓa in kin kawo hujja. Ba ra'ayinsa yake nema a takardarki ba.

Daga nan kowane sakin layi aiki ɗaya gare shi: ya faɗi dalili ɗaya, ya kawo shaida, sannan ya bayyana yadda shaidar ta ƙarfafa matsayar. Wannan na ukun ɗalibai suka fi tsallakewa. Sai su ajiye maganar masani su wuce, kamar ita za ta yi bayanin kanta. Ki kuma ware sakin layi ɗaya ga hujja mafi ƙarfi ta wanda bai yarda da ke ba, ki amsa masa cikin adalci. A wurina wannan sakin layin ne yake nuna ɗalibi ya yi karatu.

Batun bincike kuwa, intanet ba laifi ba ce, wurin da kika tsaya a cikinta ne abin dubawa. Wikipedia tana da amfani wajen gane bakin zaren batu, amma kowa na iya gyara ta, don haka ki gangara ƙasan shafin ki bi manazartar da aka jera. Ki saba da Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004 don neman rubuce-rubucen ilimi. A ƙarƙashin kowace maƙala yana nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya, ta haka maƙala ɗaya mai kyau za ta kai ki ga goma. Akwai JSTOR, rumbun mujallun ilimi a intanet, akwai African Journals Online ga mujallun Afirka. Abin da ya bambanta mujallar ilimi da shafin wani mutum shi ne, kafin a buga maƙala sai wasu masana fannin sun tantance ta. Ki fara karanta tsakure da kammalawa, in sun shafi tambayarki sannan ki shiga ciki. Kuma ki je wurin ma'aikacin laburare, wannan aikinsa ne, ɗalibai ne kawai ba sa tambaya.

In kina amfani da ChatGPT ko makamancinsa, ki sani yakan ƙirƙiro sunan marubuci da na mujalla da shekara, su zo tsaf kamar gaske alhali babu su. Duk madogarar da ba ki buɗe da idonki ba, kada ta shiga takardarki.

Sai maganar satar fasaha, kuma a nan malaminki ya fi ki gaskiya. Canza kalmomi ba ya mayar da tunanin wani ya zama naki. In kin ɗauko maganar mutum kalma da kalma, ki sa ta cikin alamar zancen wani ki faɗi mai ita. In kin faɗe ta da bakinki, ba a sa alamar, amma dole a faɗi mai ita. Abin da kika yi, wato barin ginin jimlarsa kina musanya kalma nan da can, shi ne ya fi jefa sababbin ɗalibai cikin matsala, domin suna yinsa da zuciya ɗaya. Ki tuna yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wane daga wane. Madogara ita ce isnadin maƙala: tana ba mai karatu damar bin sawu ya tabbatar. Jami'o'i da yawa suna saka takardu a manhajar Turnitin don gano rubutun da ya yi kama da na wani, kuma abin yakan biyo mutum bayan shekaru. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda kwafe a kundinsa, a watan Maris na shekarar ya sauka daga muƙaminsa.

Maganin yana wurin ɗaukar bayani. Ki karanta shafin, ki rufe shi, ki rubuta abin da kika fahimta, sannan ki buɗe ki gwada da na asali. Nan take ki rubuta sunan marubuci, shekara, sunan aikin da lambar shafi, kada ki ce sai an gama. Ki tambayi malaminki salon rubuta madogara da yake so. A salon APA ana sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, a na MLA sunan marubuci da lambar shafi. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana madogara ta kuma jera miki manazarta, sai dai ki duba bayanta don takan yi kuskure.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: ina zargin daren da za a miƙa jingar kika rubuta ta. Daftarin farko na mai rubutu ne, a nan yake gano abin da yake son faɗa, sau da yawa ma matsayar tana ɓoye a sakin layin ƙarshe. Ki bar shi ya kwana, ki karanta shi da ƙarfi, ki ɗauko wannan jimlar ki kai ta gabatarwa, ki yanke duk abin da ba ya yi mata aiki. In shafi shida ya koma huɗu, ba asara kika yi ba.

Kafin jinga ta gaba, ki rubuta tambayarki da matsayarki a 'yar takarda, ki sami malaminki a ofis lokacin ganin ɗalibai, ki nuna masa tun ba ki fara rubutu ba. Ki tafi da tsohuwar takardar ma, ki tambaye shi ko zai yarda ki gyara sakin layi biyun nan ki sake miƙawa.